Yadda Za Ka Feɗe Aiki Ba Tare da Ka Yanki Mai Shi Ba

Shekarun baya wani yaro a unguwarmu, Gangare da ke Jos, ya fitar da gajeren fim na minti ashirin. Na kalla a waya, ban ma kai ƙarshe ba, na hau Facebook na rubuta cewa wanda ya yi wannan abu gara ya koma sayar da dankali a kasuwar Farin Gada. Aka yi ta dariya ana yaɗawa. Bayan kwana uku muka haɗu a wurin wata jana'iza. Ya zo har inda nake, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Yaya, na ga abin da ka rubuta. To wane wuri zan gyara?"

Na rasa amsa. A duk abin da na rubuta babu kalma ɗaya da zai ɗauka ya koma da ita gaban kwamfutarsa. Na ci masa mutunci, na haɗa da masu sayar da dankali da ba su ji ba ba su gani ba, fim ɗin kuma yana nan da aibinsa yadda yake. Tun ranar, wannan tambaya tasa ce ma'aunina: idan mai aikin ya tsaya a gabana ya ce wane wuri zai gyara, shin abin da na rubuta zai ba shi amsa?

Jos ba ta da girman da mutum zai yi jifa ya ɓuya. A garin nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da makarantarta ta koyon aikin fim. Ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, ga masu karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos, ga situdiyoyin waƙa a lungunan cikin gari, ga mata masu rubuta labarai a waya suna sayarwa ta WhatsApp. Wanda ka soka da safe, da yamma kuna sahu ɗaya a masallaci ko benci ɗaya a wurin mai shayi. Abin da zan shimfiɗa a ƙasa shi ne tsarin da nake bi yanzu, daga lokacin da aiki ya zo hannuna har bayan maganata ta fita.

Fara da gama aikin, sau biyu

Zagaye na farko ka yi shi kamar kowa, babu biro babu takarda, ka bar aikin ya yi maka abin da zai yi. Ka dai lura da inda ka yi dariya, da inda hankalinka ya gudu ya koma kan waya. Zagaye na biyu shi ne na aiki. In fim ne, rubuta minti: minti na 7, ƙarar janareta ta danne muryar uwar, minti na 31, jarumi ya shiga ɗaki da farar hula ya fito da baƙa. In littafi ne, rubuta shafi. In rubutacciyar waƙa ce, baiti da ɗango. Waƙar situdiyo kuwa ka saurare ta da abin kunne, ka sake saurara a lasifikar waya, domin abin da ke fitowa a ɗaya yakan ɓace a ɗaya, kuma yawancin mutane a waya za su ji ta.

Wanda ya ga talla ta minti biyu, ko guntun da aka yanko aka ɗora a TikTok, bai ga fim ba. In har sai ka yi magana kafin ka gama, faɗi iyakar abin da ka gani: "Kashi uku na kalla cikin goma sha biyu."

Leƙa zuciyarka

Wannan matakin gajere ne, amma kada ka tsallake shi. Ko akwai wata a ƙasa tsakaninku? Ya taɓa hana ka fitowa a fim ɗinsa, ko ya riƙe maka kuɗin aiki? Ubangidanka abokin takararsa ne? In haka ne, ko ka haƙura da sharhin, ko ka bayyana alaƙar a layin farko. Wadda ta shiga gasa irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ba ta kai ba, tana da damar yin sharhi a kan labarin da ya ci, amma adalci shi ne ta ce ita ma ta shiga. Haka wanda aka ba shi kuɗin kati don ya yaba. Mai karatu yana da haƙƙin sanin daga ina iskar take kaɗawa.

Auna shi da mudunsa

Kafin ka ce aiki ya gaza, sai ka san me ya nufa. Fim ɗin barkwanci na minti goma da aka yi don YouTube ba a auna shi da mudun fim ɗin da aka shirya don bikin fina-finai na Zuma a Abuja. Waƙar biki aikinta ta tayar da mata rawa. In ta yi haka ta biya, ko da babu zurfin ma'ana a cikinta. Ka rubuta wa kanka jimla ɗaya: "Wannan aiki yana so ya yi kaza, ga mutane kaza." In ka kasa rubuta ta, ɗayan biyu ne: ko ba ka fahimci aikin ba, ko shi kansa bai san inda ya dosa ba. Na biyun babban aibi ne da ya cancanci a faɗa, amma sai ka tabbata ba na farkon ba ne.

Wannan rigima ta mudu tsohuwa ce a adabinmu. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu irin su Nasiha da New Nigerian a kan littattafan soyayya da matasa ke bugawa a Kano. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan "Adabin Kasuwar Kano", yana ganin ba su kai adabi mai ɗorewa ba. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren. An yi zafi sosai, amma hujja ake kawowa ana mayar da hujja, shi ya sa har yau ɗaliban jami'a ke komawa ga abin da suka rubuta. A 2007 kuma aka tara littattafan Hausa aka ƙona su a bainar jama'a a Kano. Wutar nan ba ta gaya wa marubuci ko ɗaya inda zai gyara ba.

Batun kuɗi ma yana shigowa nan. Yaron da ya ari kyamara, ya ɗauki fim cikin kwana biyu a gidan kawunsa a Rikkos, ba za ka tuhume shi da rashin fitilu na miliyoyi ba. Amma rashin kuɗi ba ya hana labari ya tsaya da ƙafarsa, ba ya hana a kashe janareta ko a matsar da shi nesa kafin a ɗauki magana. Ka raba abin da talauci ya jawo da abin da sakaci ya jawo, ka saki na farko, ka riƙe na biyu.

Rarraba abin da ka tsinto

Yanzu takardarka ta cika. Kada ka juye ta duka a kan mutum. Zauna ka rarraba.

Akwai kuskure tsantsa, wanda ba ya buƙatar ra'ayi: an ce labarin a 1985 ya faru, ga kuma mutum riƙe da wayar salula; an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa"; an jingina hadisi ga wanda bai ruwaito shi ba. Wannan ka faɗe shi kai tsaye.

Akwai raunin sana'a: jigo ya tarwatse, taurari uku suna magana da murya iri ɗaya, amsa-amo ya tilasta wa mawaƙi kalmar da ba ta da wurin zama a baitin, an ja fitowa ɗaya minti shida alhali minti ɗaya ya ishe ta. Nan sai ka kawo dalili, domin mai aikin yana iya samun nasa.

Sai kuma abin da kai ne dai ba ka so. Ba ka son rawa da waƙa a fim, ba ka son labarin da ya ƙare da mutuwa. Ba laifi ba ne, amma ka kira shi da sunansa: "ni dai", "a wurina". Yawancin faɗan da nake gani tsakanin masu sharhi da masu fasaha daga nan yake tashi, mutum ya ɗauki son ransa ya naɗa masa rawanin doka.

Sannan ka duba hannun wa ya yi ɓarnar. Fim aikin taro ne. Jarumar da kake shirin zagi don ta yi kukan da bai shiga jiki ba, wataƙila sau biyar aka ɗauka, mai tace hoto ya zaɓi mafi muni. Maganar da ta fito daga bakinta marubuci ne ya rubuta, darakta ya amince. Sautin da ya yi gaba ya bar baki a baya ba laifin mai magana ba ne. Amma da yake fuskarta ake gani, ita ke shan jifa. In ba ka san wanda ya yi ba, ambaci abin, ka bar sunan.

Daga ƙarshe ka zaɓi biyu ko uku mafiya nauyi, waɗanda in an gyara su aikin zai tashi. Wanda aka zuba wa aibi goma sha biyar a lokaci guda babu wanda zai gyara. Ko ya kare kansa ko ya ajiye alƙalami.

A ɓoye ko a fili?

Aikin da bai fita ba, wanda aka ba ka amana ka duba, maganarsa tsakaninku ce har abada. Ɗaukar hoton shafin da wata ta turo maka ka yaɗa don a yi dariya cin amana ne, ko da duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Aikin ɗan koyo ma, ko ya fita, kira shi gefe ya fi. Musulmi sun san addini nasiha ne, Kiristocin da muke aiki tare da su kuma suna da shi a Matiyu 18:15, cewa ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka daga kai sai shi.

Aikin da aka fitar ana karɓar kuɗin mutane a kansa kuwa, jama'a suna da haƙƙin jin gaskiya kafin su saya. Nan sharhi a fili halal ne, wani lokaci ma wajibi. Duk da haka, in akwai abu mai nauyi da za ka faɗa, ka kira mai aikin tukuna. Sau da yawa akwai labarin da ba ka sani ba: jarumi ya yi rashin lafiya a tsakiyar aiki, hukumar tace fina-finai ta sa an cire wani wuri, maɗaba'a ta tsallake shafi. Ba lallai wannan ya sauya hukuncinka ba, amma zai hana ka ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba.

Gina maganar

Nan ne aikin yake. Kowace suka mai amfani tana tafe da abu uku a jere: ina ne, me ya faru a wurin, me ya jawo wa mai kallo ko mai karatu. Shawarar gyara ta huɗu ce, kuma ba dole ba ce.

Dubi wannan: "Marubuciyar nan ba ta san abin da take yi ba." Sannan dubi wannan: "A shafi na 40 an ce mahaifin yarinyar ya rasu tana goye. A shafi na 112 ga shi yana karɓar sadakinta, ba a kuma bayyana komai ba. Daga nan na daina yarda da labarin." Ta biyun ta fi ta farko ciwo in ka lura, domin babu hanyar musanta ta. Amma marubuciyar za ta iya buɗe shafi na 40 yau da dare ta gyara, gobe kuma ta gaishe ka a hanya ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Ko wannan: "Muryarsa kamar ta jaki." Maimakonta: "A amshi muryar tana hawa inda ba ta kai ba, sai na'ura ta ja ta da ƙarfi har ta koma kamar ƙarfe. A baiti na biyu, inda ya sauko, muryarsa ta gaskiya ta fito, kuma ta fi daɗi."

Dabarar ita ce ka sa aikin a gaban jimla, ka janye mutumin. "Fitowar ta yi tsawo", ba "ya cika surutu" ba. "Ƙarshen ya zo da gaggawa", ba "malalaci ne" ba. Abin da ke kan takarda ko allo kana da shaidarsa. Abin da ke cikin zuciyarsa, ko ragwanci ne, ko kwaɗayin kuɗi, ko neman suna, zato ne kawai, kuma da zarar ka shiga zato ka bar sharhi. Kalmomin "kullum", "ko kaɗan", "bai taɓa" su ma ka yi hattara da su. Misali ɗaya ya isa ya rushe su, ya tafi da sauran maganarka.

Kada wani ya ɗauka ladabi yana nufin a shafa wa aiki mai. Muna da wata cuta da ta fi zagi yawa a cikinmu, wato alkunyar ƙarya. A turo maka littafi, ka ga ramuka a ciki, ka ce, "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Marubuciyar kuma ta ɗauki wannan a matsayin shaida, ta ci bashi ko ta ɗauki adashi ta kai maɗaba'a, littafin ya fito ya kwanta a kwali. Kai da ka gani ka yi shiru kana da kaso a asarar nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In aiki bai yi ba, ka ce bai yi ba, da kalmomin da ba za a yi musu fassara biyu ba: "Anti, a yadda yake yanzu bai kai a buga ba. Ga dalilina."

Yabo ma haka. Ka yi shi da irin tsantsenin da ka yi suka. "Ya yi ƙoƙari" ba yabo ba ne, sallama ce kafin mari, kuma kowa ya gane ta. "Shirun da kakar ta yi a minti na 12, bayan an gaya mata labarin, ya fi duk maganganun fim ɗin ƙarfi": wannan ya gaya wa darakta abin da zai riƙe ya ƙara. Mai fasaha yana buƙatar sanin inda ya dace kamar yadda yake buƙatar sanin inda ya kauce, don kada garin gyara ya rushe ɗakin da ke tsaye. In kuma ka duba da gaske ba ka sami abin yabo ba, kada ka ƙirƙira.

Sai habaici da gugar zana. Harshenmu ya ƙware a nan, kuma zambo yana da gurbinsa a waƙoƙin fada, inda makaɗi ke kwarzanta ubangidansa ya kuma muzanta abokan hamayyarsa. Amma zambo an yi shi ne don a kayar da mutum. "Wasu dai masu kiran kansu daraktoci", "wata mai ji da kanta a Unguwar Rogo": wanda kake nufi ya gane, amma ba ka ba shi ƙofar amsawa ba, wasu mutum uku kuma kowa ya ɗauka da shi kake. In maganarka ta kai a faɗa, ambaci sunan aikin, ka sa naka sunan a ƙasa.

Raha ba haram ba ce. Hular nan da ta canza launi, in ka yi wasa da ita, shi kansa daraktan zai taya ka dariya. In'inar jarumi ko gajartarsa kuwa ba shi ya rubuta su ba.

Iyakokin da ba a tsallakewa

Akwai masu tambaya ko sukar aikin mutum a bayan idonsa giba ce. Yadda nake fahimta shi ne, abin da aka kasa a kasuwa dole a taya shi, a juya shi, a ce ya yi ko bai yi ba. Amma fim ɗinsa ya kasa, bai kasa gidansa ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ta 12 ta hana yawan zato da bin diddigi da cin naman juna. Hadisi kuma ya fayyace cewa in abin da ka faɗa yana tare da mutumin ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙazafi. Saboda haka "ai gaskiya na faɗa" ba ta wanke wanda ya kutsa cikin sirrin mutum.

Iyayensa, asalinsa, jikinsa, rashin lafiyarsa, duk a waje suke. Mata sun fi shan wannan. Namiji ya yi mummunan fim a ce fim ɗin bai yi ba. Mace ta yi, sai a koma kan aurenta nawa, me ya fito da ita, wa ya saya mata mota. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke amsa tambayar ko ta iya fitowar da aka ba ta.

Addini da ƙabila kuwa, mu mutanen Jos ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010, mun san abin da magana ke iya zama in ta bar baki. A wurin ɗaukar fim a garin nan za ka tarar mai kyamara Birom ne, mai sauti Bahaushe, mai kwalliya Bayarabiya, kuma da Hausa duk suke magana. Wannan abu ne mai daraja da bai kamata sharhin wani ya fasa shi ba. Ɗan wasan da ya taso a Pankshin ko Langtang yana iya cewa "ya" inda Bakano zai ce "ta". In an ba shi matsayin attajirin Kano, daidai ne ka ce harshen bai dace da matsayin ba, kuma laifin wanda ya zaɓe shi ne. In matsayin ɗan Jos ne yana ciniki a Taminus, to haka ake magana a Taminus, babu abin gyara. Abin da ba ya halatta shi ne ka mayar da harshensa hujjar cewa ba shi da hurumi a fasahar.

Mafi haɗari duka shi ne jifan mutum da ɓatanci ga addini. In ka ga abin da ya tayar maka da hankali ta wannan fuska, je ka wurin mai aikin, ka je wurin malamin da ya san hukuncin, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya. Irin wannan zargi a ƙasar nan yana iya cin rai, kuma ba a janye shi.

Zargin satar fasaha shi ma ba a yin sa da "an ce". Ka ajiye ayyukan biyu gefe da gefe, shafi da shafi ko minti da minti, da ranar fitowar kowanne, ka bar mutane su gani. Kama da juna a jigo ba sata ba ce. Labarin kishiya da na auren dole ba mallakar kowa ba ne. Ka kuma tuna ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod ta hukunta laifuka, kuma an sha kama mutane a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Dokar haƙƙin mallaka ta ba ka damar ɗauko ɗan yanki don sharhi, tare da ambaton mai shi. Ba ta ba ka damar ɗora littafin mutum gaba ɗaya ko rabin fim ɗinsa da sunan kafa hujja ba.

Na gaba da kai, da na baya

Girma yana sauya lafazi, amma hukunci yana nan. Dattijon da ya yi shekara talatin yana rubutu ba za ka ce masa "ka yi kuskure" a gaban ɗalibansa ba. Ka same shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai wurin da ya shige mini duhu. A babi na uku an ce kaza, a na bakwai kuma na ga kaza." Ya gane sarai abin da kake nufi, ka kuma bar masa hanyar da zai karɓa da mutuncinsa. Ko Fir'auna, da aka aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurinsa, magana mai laushi aka umarce su su yi masa, kuma laushin bai rage komai daga saƙon ba.

Na baya da kai kuwa nauyin ya fi yawa a wuyanka, domin kalmarka a wurinsa hukunci ce. "Ƙanena, zo mu zauna" ta fi shafi guda na rubutu. Ka tambaye shi me ya so ya yi a wurin kafin ka gaya masa abin da ya fito.

Bari ta kwana

Ka gama rubutu, kada ka saki. Magana zarar bunu ce. Da safe ka karanta da ƙarfi, kana ɗauka mai aikin yana zaune kusa da kai, mahaifiyarsa kuma tana jin ku daga tsakar gida. Duk jimlar da muryarka ta sauka a kanta, duba ta. In gaskiya ce mai ɗaci da ke da shaida, bar ta. In daɗin faɗa ne kawai ya sa ka rubuta ta, don a ce ka iya magana, goge ta. A wurina galibi jimlar da na fi so ita ce ke tafiya.

Bayan ta fita, aikinka bai ƙare ba. Mutanen da za su biyo bayanka ba duka ne suka karanta ba, wasu jini kawai suka sansano. In ka ga an fara zagin iyaye ko ƙabila a ƙarƙashin abin da ka rubuta, tsawatar a fili, ka goge abin da ya wuce gona da iri. Kai ka buɗe zauren, kai ke da alhakin abin da ake yi a cikinsa. In mai aikin ya mayar da martani cikin fushi, amsa hujjar da ke ciki sau ɗaya, ka ƙyale fushin. Mutum ne da ya yi wata shida a kan abin da ka feɗe cikin awa biyu. In ya nuna maka ka yi kuskure, gyara a wurin da ka yi shi, da girman da ka yi shi. Wanda ya yi suka a gaban dubu ba ya ba da haƙuri a kunne.

Abin da na yi ke nan da yaron Gangare, ko da yake sai da na yi mako biyu kafin na iya. Na rubuta a inda na yi na farko cewa ban gama kallon fim ɗin ba na yi magana, kuma abin da na faɗa zagi ne. Sannan na same shi a shagon da yake tura wa mutane fina-finai a waya, muka zauna muka kalla tun daga farko da takarda a hannuna. Na nuna masa abu uku: janaretan da ya cinye maganar uwar, wata fitowa a bakin titi da aka maimaita abin da mun riga mun sani, da ƙarshen da na ga ya yanke ba shiri. Biyun farko ya rubuta su a bayan wani rasit. Na ukun ya girgiza kai ya ce, "A'a Yaya, wannan da gangan na yi," ya mayar da fim ɗin baya zuwa minti na 3 ya nuna mini wata 'yar magana da ta share wa ƙarshen hanya, wadda sau biyu ina wuce ta ban ji ba.